Me ya sa ake yawan maganar kakar Brooklyn Dodgers ta 1947?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa Amurkawa ba sa gajiya da zancen wannan kaka alhali wannan ƙungiyar wasan besbol ba ta ɗauki kofi ba. Gaskiya ne, New York Yankees ce ta doke su a World Series, wato jerin wasannin ƙarshe na fitar da zakara, ta ci wasanni huɗu, su kuma uku. Sai dai sun lashe gasar rukuninsu, National League, da nasara 94, an ci su 60.

Amma duk zancen a kan Jackie Robinson yake. Ranar 15 ga Afrilu, 1947, ya shiga filin Ebbets Field, ya zama baƙar fata na farko da ya buga babbar gasar besbol a wannan zamani. Kafin nan baƙaƙe nasu gasar daban suke yi. Shugaban ƙungiyar, Branch Rickey, ya gindaya masa sharaɗi: duk zagin da za a yi masa, kada ya rama. Kuma ya sha zagi, musamman daga kocin Philadelphia, Ben Chapman. Har wasu abokan wasansa sun so a ƙi shi tun farko.

Duk da haka ya yi fice, aka ba shi kyautar gwarzon sabbin 'yan wasa ta shekarar.

Wani abin da mutane ke mantawa: an dakatar da kocin Dodgers, Leo Durocher, gab da fara kakar, Burt Shotton ne ya ja ragamar. A 1997 aka daina bai wa kowa lambar rigar Robinson, 42, a duk ƙungiyoyin gasar.