Karatu ya yi mini yawa, ta ina zan fara?

Ƙanwata, kin ce kina shirin JAMB da WAEC lokaci guda, ga aikin gida, har kin rasa ta inda za ki kama. Na tausaya miki ƙwarai.

Ki daina kallon tulin littattafan gaba ɗaya. Ki ware awa ɗaya bayan sallar asuba, kullum, kafin gida ya cika da hayaniya, waya kuma tana wani ɗakin. Haka masu hadda suke yi: ɗan ƙari yau, gobe a fara da tilawar na jiya. Abin da kika maimaita washegari, sannan bayan mako, ya fi zama a kai fiye da karatun kwana-zaune.

JAMB tambayoyi 180 ne cikin awa 2, 60 daga ciki na Turanci. Don haka ki riƙa amsa tsofaffin tambayoyi 20 kowace yamma da agogo a gefenki, ki rubuta waɗanda kika faɗi, ki sake su ranar Asabar.

Kada ki rage barci, don Allah. Ranar da karatu ya kuɓuce miki, ki ɗora washegari, ba sai kin rama ba. Ki kuma nuna wa Umma jadawalinki don ta ɗaga miki aike a wannan awar.