Yaya, ba roƙo muka sa ɗanka ba

Yaya, na ji saƙon muryarka har sau uku. Ka ce ka ga bidiyon ɗanka a dandali yana rera waƙar Jamusanci, Turawa na tafi, ka tambaya ko mun mayar da jikan Malam maroƙi ne. Ka san ɗan fari ba na kama sunansa, amma yau zan tsaya masa.

Waƙar da ya yi sunanta "Mama". Ranar Lahadi ta biyu a watan Mayu ake bikin iyaye mata a nan Jamus, to 'yan ajinsu ne aka kai gidan tsofaffin da nake aiki su rera musu. Ba a liƙa wa kowa ko sisi ba, ba a wasa kowa ba. Akwai wata tsohuwa da nake yi wa wanka kullum, ta manta sunan 'ya'yanta, cokali ma sai an riƙe mata. Yaran na farawa sai ga bakinta yana bi, baiti bayan baiti, hawaye na sauka kan rigar da na goge mata da safe.

Wanda ya sa mata waƙar a zuciya wani yaro ne, Heintje. Abin dariyar, ba Bajamushe ba ne. Ɗan Holan ne, an haife shi a 1955 a Kerkrade, garin da daga nan Aachen bai kai rabin awa a mota ba. Ubansa mai haƙar kwal ne, ƙurar rami ta cinye masa huhu, suka koma riƙe ɗan shagon shaye-shaye. A nan yaron yake bin faifai yana rerawa, har ya ci wata gasa, wani mai shirya faifan waƙa, Addy Kleijngeld, ya ɗauke shi. Waƙar ma asalinta ta Italiya ce. A 1967 ya rera ta, yana ɗan shekara 12, kafin 1968 ta ƙare babu gidan da ba a san muryarsa ba a Jamus. Faifansa ya sayu miliyoyi, ya fito a finafinai, har tare da Peter Alexander, babban mawaƙinsu na lokacin.

Sai balaga ta zo, murya ta fashe. Shi ke nan. Ya ci gaba da waƙa da sunansa na manya, Hein Simons, ya je Afirka ta Kudu ya yi da harshen Afrikaans aka karɓe shi, amma Jamusawa yaron nan suke nema, shi kuwa yaron ya tafi. Ya zauna a Beljiyam yana kiwon dawaki. A 2017 ya fitar da faifai yana rerawa tare da tsohuwar muryarsa ta yarinta: dattijo na amshi, yaro na ja masa baƙi. Ni tausayi ya ba ni, ko da yake shi bai nuna yana neman tausayin kowa ba.

Yanzu yadda muke yi. Mu Hausawan nan tarkace ne, 'yan Kano, 'yan Damagaram, da 'yan zangon Kumasi da Ankara waɗanda suka riga mu zuwa, kuma ba bakinmu ɗaya ba. Darasin kiɗa yana cikin jadawalin makaranta, makaranta kuwa dole ce, ba a tsince wa yaro abin da uba ke so a bar saura. Wasu suna haƙura da na aji kawai, su hana dandali. Wasu irina mukan bari, da sharaɗi: mu ji ma'anar waƙar tukuna, kada ta ci lokacin sallah, kuma ranar Asabar allo da Islamiyya ba fashi. In ya shigo gida, Jamusanci ya tsaya a bakin ƙofa tare da takalmi. Wannan na ƙarshen, gaskiya, kullum sai mun yi faɗa a kansa.

Tsoronka na a ci da gumin yaro kuwa, hukuma ta riga ka. Kafin ɗan firamare ya fito a talabijin don kuɗi sai an nemi izini a rubuce, iyaye su sa hannu, likita ya duba shi, makaranta ta ce karatunsa ba zai taɓu ba, sannan awa uku kacal a yini. Ko mun so mu mayar da shi jari, ba za mu iya ba.

Ɗanka shekararsa 11. Tuni na fara jin wani ɗan kaushi a maƙogwaronsa idan yana karatun Tabara da asuba. Ka kai wa Inna bidiyon ta gani, ka gaya mata ma'anar sunan waƙar, ka ji me za ta ce.