Ƙanwarki za ta iya samun sauƙi

'Yar'uwa, kin tambaya ko ƙanwarki da likita ya ce tana da BPD, wato larurar ƙwaƙwalwa da ke sa zuciya ta riƙa tafasa har mutum ya kasa shawo kanta, za ta warke, ga shi a gida ana cewa iska ce ko rashin tarbiyya. Za ta iya, in sha Allah. Asibitin McLean a Amurka ya bibiyi masu wannan larura shekara 10, yawancinsu alamomin suka lafa sosai.

Ƙwaya kaɗai ba ta isa. Abin da ya fi taimakawa horo ne na koyon shawo kan zuciya da ake kira DBT, wanda wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Marsha Linehan, ta tsara. Ita ma a 2011 ta bayyana cewa ta sha irin wannan wahalar da ƙuruciya. Ana koya wa mutum idan zuciya ta tafasa ya tsoma fuska a ruwan sanyi, ya sassauta numfashi, kafin ya aikata komai.

Abin da ke ƙona min rai shi ne ƙanwarki ta yanki hannunta a ce iskanci ne. Azaba take sha. Ku ci gaba da addu'a, amma ranar da ta ambaci kashe kanta ku kai ta asibitin ƙwaƙwalwa, kamar na Barnawa a Kaduna, kada ku bar ta ita kaɗai.