Rediyon Jirgin Ruwa: Wanne Zan Kafa?

TAMBAYA: Malam, ina da ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska, rediyon hannu kawai nake riƙewa. Ina so in kafa na dindindin. Me zan duba?

AMSA: Ɗan'uwa, ka yi tunani mai kyau. Na hannu ba ya wuce wat 5 ko 6, na kafawa kuwa wat 25 yake bayarwa, ka rage shi zuwa wat 1 in kana cikin tashar jiragen ruwa. Amma ni eriya na fi damuwa da ita. Siginar VHF, wato zangon da irin wannan rediyon ke amfani da shi, iyakar gani take tafiya, don haka ka ɗora eriyar can saman jigon filafilai, ka zaɓi mai 3 dB, wato wadda ke baza sigina da faɗi, saboda jirgin iska yana karkata. Kada ka yi rowar waya mai kauri. Na taɓa daɗewa ina kira babu mai amsawa, ashe gishiri ne ya cinye mahaɗin wayar.

Sai ka tabbatar yana da DSC, wato tsarin kiran gaggawa mai jan maɓallin nan da ke ƙarƙashin murfi. In ka danna shi ka riƙe na ɗan lokaci zai aika neman agaji ta tasha ta 70, da lambar jirginka ta MMSI mai alƙaluma tara. Ɗauki mai GPS a ciki, domin saƙon ya tafi da inda kake. Magana da baki kuma a tasha ta 16 ake yi.

In rediyon a ɗaki zai zauna, ƙara makirfo na biyu kusa da sitiyari. Na hannun kuma kar ka yar da shi, ranar da batirin jirgi ya mutu za ka neme shi.