Amsar Baffa kan teburin gefen gadon Auta

Wa alaikumus salam ɗana. Na ga saƙonka tun daren jiya, ban amsa ba ne don maganar ba ta layi biyu ba ce, kuma ka san idon nan da rubutu a waya da daddare sai a hankali. Ka ce kana so ka haɗa wa ƙanwarka Auta ɗan teburin gefen gado da hannunka, mai durowa biyu da kantar ajiye kaya, a sa a cikin kayan ɗakinta, amma Mamanku ta ce kar ka ja musu magana wajen dangin miji a ce an kasa sayen seti, shi ne kake tambaya ko a al'ada wa yana yi wa ƙanwarsa irin wannan, kuma wai ma me ya sa kayan ɗaki ya zama nauyin gidan mace. Toh amsar farko dai ita ce ka yi. Ka yi shi, ni na tsaya maka, Mamanku kuma ka bar ni da ita zan kira ta da kaina.

Kaga wannan abin da ake kira seti yanzu, gado da sif da madubi da bedsayid biyu duk kala ɗaya daga shago ɗaya, wallahi a gabanmu aka fara shi, ba gadonsa muka yi ba. Ɗakin Hajiya kakarku da na buɗe ido na gani, gadon ƙarfe ne mai rumfa, sai adudu da take zuba zannuwanta, sai akwatin katako guda ɗaya a ƙarƙashin gado, sai jere, langa da samira da tasoshi an ɗora su ɗaya kan ɗaya har sun kusa taɓa rufi, ita kuma takan ce a zamanin tata uwar ƙorai ne jeren, da faifai. Kuma babu ɗaya a cikin kayan nan da ba ta san hannun da ya fito ba. Ta kan nuna ta ce gadon nan Malam ne ya saya, kwanukan nan Inna ta fara tara su tun ina talla, da kuɗin adashi, tabarmar gwaggo ce ta kawo, akwatin kuwa yayanta ne ya sa aka yi mata. Shi ake kira gudummawa, kowa a dangi ya kawo abin da hannunsa ya iya, maƙeri ya kawo na ƙira, masaƙi ya kawo gwado, mai gona ya kawo hatsin gara. To kai da Allah ya sa kake koyon kafinta, me za ka kawo in ba aikin katako ba? Abin da Mamanku take tsoro shi ne baƙo, naka shi ne tsohon.

Batun me ya sa nauyin ya faɗo kan gidan mace kuwa, ka raba abu biyu. A addini muhalli da ci da sha da sutura duk a wuyan miji suke, wannan ko wane malami ka tambaya zai gaya maka. Amma uba ya yi wa 'yarsa kaya ba laifi ba ne, Annabi (SAW) ya yi wa Nana Faɗima lokacin da za ta tare gidan Sayyadina Ali, kuma abin da aka ruwaito mayafi ne da salkar ruwa da matashin kai da aka cusa wa ciyawa, ka ji iyakarsa. Hikimar da iyayenmu suka gani ita ce duk abin da yarinya ta shiga da shi nata ne, ba na miji ba ne, ba na uwar miji ba. In rana ta ɓaci ta ɗauki tasa biyu ta sayar ta kai yaro asibiti ko ta ja jarin ƙuli-ƙuli, in kuma zama ya ƙi, Allah ya kiyaye, danginta su zo su kwashe mata kayanta har tsintsiya ba mai cewa uffan. Wato dukiya ce aka ba ta a sifar kwano da gado. Inda muka ɓata abin shi ne da ya koma gasa, na ga mutumin kirki ya sayar da gonar gado saboda kujeru, na ga yarinya ta shekara biyu da sa rana ba a ɗaura ba don uban bai haɗa kuɗin seti ba, abin yana ci min rai ƙwarai. Ai shi ya sa da gwamnatin Kano ta fara auren zawarawa ta hannun Hisbah a 2012 gado da katifa na cikin abin da ta ɗauke wa mutane, haka a 2023 da aka aurar da mata 1,800, don kowa ya san nan ne ƙayar take.

Yanzu sharaɗina ɗaya ne, in za ka yi to ka yi na gaske, don mata 'yan ganin ɗaki ba kallo kawai suke ba, sai sun ja durowa sun leƙa, sai sun shafa sama sun ji ko akwai kaushi. Kar ka fara yanka komai sai an je an auno ɗakin, kuma ka je wajen wanda Babanku ya ba aikin gadon ka auni tsayinsa har da kaurin katifa, saman teburinka ya zo daidai da saman katifa ko ya gaza kaɗan, galibi inci 22 zuwa 24 ne, faɗi kamar inci 18, zurfi 16, amma tef ɗinka ne alƙali ba bakina ba. Ka karɓo ɗan guntun katakon da suka yi wa fenti don kalar ta zo ɗaya, nan ne za ka kashe bakin masu magana.

Katako kuma dan Allah ka rabu da MDF, falankin nan na garin katako da ake matsewa da gam, a wannan aikin. Na san shi ake yayi, yana da santsi yana da sauƙin aiki, amma amarya kullum cikin wanke ɗaki take, ruwa na taɓa gindinsa zai kumbura kamar burodi shikenan an gama. Afara da obeche suna da araha amma ƙwaro na son su, bayan shekara biyu sai ka ga gari yana zubowa ƙasa kamar an tankaɗe. In aljihunka zai iya ka nemi madaci ko iroko, ba yawa za ka ci ba, falanki ɗaya na wan bai tuwel (kauri inci ɗaya, faɗi sha biyu) da tu bai tu (inci biyu-biyu) na ƙafafu sun kusa isarka, sai filawud na baya da gindin durowa wanda ragowar shagonku ma zai yi. In bai iya ba malaina ma ba laifi in dai ta bushe. Bushewar nan ita ce komai. Yawancin katakon nan daga kudu ake lodo shi, da ruwansa yake zuwa, ga mu kuma da hunturu. Ina sabon buɗe shago lokacin Shagari wani mai katako ya rantse min cewa kayansa busasshe ne, na yi wa wata baiwar Allah teburi na aurar da 'yarta, ana shiga sanyi saman ya tsage tun daga wannan baki har wancan, sai da na je har gidan na ɗauko na sake mata kyauta, kuma har yau in na tuna fuskar matar nan ba na jin daɗi, don kuɗin wankau ta tara ta ba ni. Saboda haka ka ɗaga falankin ka ji nauyinsa, ka ƙwanƙwasa, busasshe yana amsawa da ƙara, ɗanye kuwa sai ka ji dum, ka sa tafin hannu in ka ji sanyi-sanyi ka ajiye musu abinsu. Ko wanda ka saya ka jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani iska ta ratsa shi kafin a kai inji a goge.

Wajen haɗi kar ka dogara da ƙusa. Ƙafa da sandunan da suke riƙe ta ka yi musu motis, ka fafe rami a ƙafar ka fitar da harshe a ɗayan ya shiga ɗam, ka sa gam ka matse ya kwana, kafin gam ɗin ya kama ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta gicciye, in awo biyun suka zo ɗaya to ya miƙe, in ba haka ba durowa ba za ta taɓa shiga lafiya ba ko za ka kwana kana gyara. Durowar kuma tunda a rani za ka yi ta ka bar mata 'yar sarari, don da damina katako yana shan danshi ya buɗe, wadda ka yi cif-cif a watan sanyi ita ce za ta ƙi fitowa a watan Agusta. In ƙarfen nan mai 'yan tayoyi za ka sa, rabin inci yake ci kowane gefe, in kuma katako kan katako ne irin namu na da, ka goga kyandir a inda take bi za ta riƙa tafiya sumul.

Ta saman ka sa mata ɗan makulli, wannan kar ka manta. Yarinya ce za ta shiga gidan mutane, ga ƙannen miji ga yaran maƙwabta masu shigowa ganin amarya, tana bukatar waje ɗaya da ita kaɗai take buɗewa. Wadda na yi wa Innarku tana nan a ɗakinta ka sha ganinta, fentin duk ya koɗe, a cikin durowar nan take ajiye ɗan kunnenta na zinare da katin asibitin yara da kuɗin adashi, shekara nawa ban taɓa sa hannu ciki ba. Kantar kuma ka ɗaga ta daga ƙasa kamar inci 4 ko 5 yadda tsintsiya za ta shiga, amma ka gaya wa Auta ba wajen Alƙur'ani ba ne, ba a ajiye shi ƙasa-ƙasa kusa da ƙafa, shi a sama yake zama, kanta ta kayan shafa ce da su kwalbar humra. Ka huda ɗan rami a baya na wayar caji, kuma kaskon turaren wuta kar ya hau kai sai da faranti a ƙarƙashi. Sanfefa ka bi ta sau uku daga mai kaushi zuwa mai laushi, har cikin durowa inda kake ganin ba mai gani.

Saura ladabi. Kafin ka taɓa zarto ka sami maigidanka na shago ka gaya masa, kayan aikinsa ne kuma lokacinsa ne, in ka gama shi za ka fara nuna wa ya duba ya sa albarka. Babanku ma ka same shi a zaune ka ce Baba ga abin da nake so in ɗauke maka, kar ya ji a bakin mata, don kayan ɗaki hurumin uba ne. Ranar jere ka bi motar kaya tare da masu ɗaura gado, ka ajiye shi inda gwaggonninku suka nuna maka ka fito, ba a san wa da zama a ɗakin ƙanwa ba, kuma kar ka tsaya kana cewa ni na yi, su gwaggo za su faɗa wa mutane da bakinsu kuma nasu ya fi naka kaiwa nesa.

In Allah ya kai mu Asabar ka zo da sassafe da awon gadon a rubuce, mu hau adaidaita mu je 'Yan Katako na Na'ibawa tare in zaɓa maka falankin da hannuna, akwai kuma wani tsohon kurfi nawa da nake so in ba ka. Ka gaishe da Mamanku da kyau, ka ce mata zan kira bayan la'asar.