Amsa: ƙafafun gaba da na baya na Ford F-100 ƙirar 1970

Malam, ka tambayi wace ƙafa, wato sashen da ke riƙe tayoyi, za ka sa wa akori-kurarka. A gaba, ni dai ta motar Ford Crown Victoria ƙirar 2003 zuwa 2011 zan ba ka shawara. Gadarta, wato ƙarfen da ke gitta shasi yana ɗauke da ƙafar, ta alminiyom ce, kusoshi 4 ke riƙe ta, kuma ta dace da faɗin shasin F-100, inci 34. Tana zuwa da birkin faifai da sitiyari mai sauƙin murɗawa.

Sai dai ta fi ta asali faɗi sosai. In ka sa rim mai zurfi ta waje, taya za ta riƙa gugar fenda a kwana, don haka nemi rim inci 16 ko sama da haka wanda taya ke shigewa ciki. Kafin ka yanke komai, yi alamar tsakiyar tayar gaba a shasi, ka auna hagu da dama sau biyu. Kuma ka yi waldar bututun ƙarfe a inda kusoshin za su ratsa, in ba haka ba shasin zai lotsa wajen ɗauri.

A baya, aksul ɗin da ake kira 8.8 na motar Ford Explorer ƙirar 1995 zuwa 2001 ya wadatar. Ramukan kusoshinsa 5 ne a da'irar inci 4.5, daidai da na gaba, amma bai kai ƙafar gaban faɗi ba. Gaban zai sauka, saboda haka mayar da aksul saman sifirin don bayan ma ya sauka, ka fafe shasi a saitin aksul ka ƙarfafa wurin. Kada ka ƙarasa waldar mazaunin sifirin sai nauyin mota na kai, ka daidaita kusurwar farfela da giya, ko motar ta dinga karkarwa a gudu.