Filin Tambaya da Amsa: Na Samu Aikin Kwamfuta a Jamus, Nawa Ne Guzurin Zama?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni injiniyan manhaja ne, ina da digiri a kimiyyar kwamfuta, kuma na yi shekara 5 ina aiki tsakanin Kano da Abuja. Wani kamfani a Berlin, babban birnin Jamus, ya ɗauke ni aiki a kan albashin Yuro 60,000 a shekara kafin a cire haraji. Sun ce za su biya kuɗin jirgi, sannan su haɗa mini Yuro 3,000 na ƙaura a cikin albashin farko. Abin da nake da shi a ajiye Naira miliyan 6 ne, sai wani fili da na saya a bayan gari. Ina da mata da 'ya ɗaya mai shekara 2. Wasu abokaina sun ce in kwashi iyalina mu tafi tare tunda albashin yana da tsoka, wasu kuma sun ce in sayar da filin in ƙara guzuri. Malam, abin da ke hannuna zai ishe ni har in kafu? Daga mai karatu a Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya albarka a wannan aiki, ya kuma sa a tafi a sa'a. Albashin da aka yanka maka ya haura iyakar mafi ƙarancin albashi da Jamus ta gindaya wa izinin zaman ƙwararru da ake kira Blue Card, wadda a shekarar 2025 ta kasance Yuro 48,300, ko kuma kusan Yuro 43,760 ga masu sana'o'in da ake ƙarancinsu, irin taka. Don haka ba ta fuskar biza nake jiye maka ba, ita kanta bizar Yuro 75 ake biya. Abin da nake jiye maka shi ne wata ukun farko, lokacin da kuɗi ke fita ta kowace kafa alhali albashi bai fara taruwa ba, domin a wannan tsakanin ne mutanenmu da dama suke cin bashin da zai bi su har shekara ta zagayo.

Ka daina juya albashin nan zuwa Naira, domin lissafin yana ruɗar mai shi da danginsa baki ɗaya. Yuro 60,000 a shekara shi ne Yuro 5,000 a wata a kan takarda, amma kafin ya faɗo asusunka za a cire kuɗin fansho, wanda yake kashi 18.6 cikin 100, da inshorar lafiya, kashi 14.6 da wani ɗan ƙari, da inshorar rasa aiki, kashi 2.6, da ta jinyar tsufa. Kai da kamfani kuke raba waɗannan kusan biyu, kuma naka kason yakan kai ɗaya bisa biyar na albashin, sannan harajin gwamnati ya biyo baya. Abin da zai rage maka bai wuce Yuro 3,000 da 'yan kai ba. Muddin maiɗakinka tana Najeriya, a ajin marasa aure za a riƙa yanka maka haraji, sai ranar da ta iso aka yi mata rajista za ku iya komawa ajin ma'aurata, inda ragin yake da sauƙi. Su kuwa Naira miliyan 6 ɗinka, tunda Yuro ɗaya ya haura Naira 1,500, ba su cika Yuro 4,000 ba.

Gida shi ne zai cinye mafi yawan wannan kuɗi, kuma a nan nake so ka natsu. A Berlin masu neman haya sun fi gidajen yawa nesa ba kusa ba. Ranar da aka sa don duba gida, za ka tarar da mutane jere a kan matakalar bene tun daga ƙofar shiga, kowa rungume da jakar takardu: shaidar albashin wata uku da suka wuce, wasiƙar tsohon mai gida cewa ba a bin sa kuɗin haya, da rahoton Schufa, wato kamfanin da ke ajiye tarihin bashin mutane. Baƙon da ya sauka jiya ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai kwantiragin aikinsa kawai. Shi ya sa kusan kowane sabon zuwa yake farawa da ɗakin wucin gadi mai kaya a ciki, wanda tsadarsa ta fi ta gidan dindindin, har ba abin mamaki ba ne a nemi Yuro 1,200 ko fiye a wata a kan ɗaki ɗaya da ɗan madafi. Ɗaki a gidan haɗaka, inda ake tarayya a madafi da banɗaki, yakan zo a kusan rabin haka, kuma ga wanda ya zo shi kaɗai ni shi na fi so masa.

Kafin ka biya ko sisi a kan ɗakin wucin gadi, ka tambaya a rubuce ko mai gidan zai ba ka takardar da ake yin rajistar adireshi da ita. Wannan rajista, da suke kira Anmeldung, doka ta ce a yi ta cikin kwana 14 da tarewa, kuma komai a kanta ya rataya. Sai an yi ta ake aiko maka da lambar haraji ta gidan waya, idan kuwa lokacin biyan albashi ya yi babu wannan lamba, kamfani yana iya sa ka a aji na 6, mafi tsananin ragi, sai daga baya a maido maka da rarar. Akwai wani ɗan ƙaramin abu da baƙi ke mantawa da shi: a Jamus sunan da ke jikin akwatin wasiƙa ma'aikacin gidan waya yake bi, don haka ranar da ka tare ka rubuta sunanka na fasfo a 'yar takarda ka manna a akwatin, in ba haka ba lambar harajin da katin banki da katin inshora duk su koma inda suka fito. A takardar rajistar za ka ga gurbin addini, dalilinsa kuwa harajin coci ne da ake cire wa mabiya manyan majami'u, Musulmi ba ya biyan sa.

Idan Allah ya sa ka dace da gidan dindindin, wata-wata ake biyan haya, ba shekara guda a dunƙule ba kamar yadda muka saba, kuma tun 2015 wanda ya ɗauko dillali shi ke biyan la'adarsa, galibi mai gida ke nan. Sai dai akwai kuɗin ajiya, da suke kira Kaution, wanda doka ta yarda ya kai hayar wata uku. Dokar ta kuma ba ka damar biyan sa kashi uku, wata bayan wata, amma ba kowane mai gida ne zai tuna maka da wannan ba, sai ka nema da bakinka. Gidan da tsurar hayarsa Yuro 1,100 ce, ajiyarsa za ta iya kai Yuro 3,300, ban da kuɗin ɗumama ɗaki da ruwa da shara da ake ɗorawa a kai, waɗanda ake sake lissafawa sau ɗaya a shekara, a ce ka ciko idan ka sha fiye da kima. Wutar lantarki da intanet kuma kwantiraginsu daban. Sannan kada ka ɗauka za ka shiga ka tarar da wani abu, domin gidaje da yawa a can fanko ake bayar da su: bango fari fes, wayoyi biyu ko uku na reto daga silin inda ƙwan fitila zai zauna, madafi kuwa wani lokacin sai bakin famfo kaɗai a jikin bango. Gado da katifa da firji da injin wanki duk a wuyanka suke, ko da yake ana samun na hannu masu kyau da araha.

Sauran ƙananan ba sai na daɗe a kansu ba. Harajin rediyo da talabijin Yuro 18.36 ne a wata a kan kowane gida, ko kana kallo ko ba ka kallo, tikitin wata na jirgin ƙasa da bas da ake kira Deutschlandticket ya kasance Yuro 58 a 2025, katin izinin zama Yuro 100, sai rigar sanyi da takalmi na kirki, waɗanda ba a yi musu rowa a garin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma a watan Disamba. A nawa ƙiyasin, mutum ɗaya yana bukatar wajen Yuro 4,000 kafin ya ga albashin farko, wanda sai ƙarshen wata yake zuwa, sannan ya tanadi kwatankwacin Yuro 5,000 zuwa 6,000 don ranar da zai koma gidan dindindin. Ajiyarka za ta kai ka gaɓar farko da ƙyar idan kai kaɗai ne, amma ba za ta ɗauki mutum uku ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka tun yanzu, kafin ka sa hannu, ka koma wa kamfanin da magana. Ka roƙi su biya maka masaukin wata ɗaya ko biyu kai tsaye, ko su ba ka rabin kuɗin ƙaurar ranar da ka sauka maimakon ƙarshen wata. Ka tambaya ko za a cire haraji a cikin Yuro 3,000 ɗin, domin idan a dunƙule aka haɗa shi da albashi yana iya zaftarewa sosai, kuma ka duba ko akwai sharaɗin maido da shi idan ka bar aikin kafin shekara ɗaya ko biyu. Kada kunya ta hana ka, kamfanin da ya ɗauko ma'aikaci daga wata nahiya ya saba jin irin waɗannan tambayoyi.

Filin kuwa, ina roƙonka kada ka sayar. A Jamus sabon ma'aikaci yakan yi lokacin gwaji har na wata 6, wanda a cikinsa ana iya sallamarsa da sanarwar mako 2 kacal, kuma izinin zamanka a kan aiki ya dogara. Wanda ya sayar da abin da ya mallaka, ya kwaso mace da ƙaramar yarinya, sannan aikin ya suɓuce a wata na huɗu, ya shiga halin da ba na yi wa kowa fatansa. Ka yi gaba kai kaɗai, su biyo ka bayan ka wuce gwaji ka kama gida. Amma takardunsu yau za a fara haɗa su, domin ofishin jakadancin Jamus yakan sa a binciki sahihancin takardun aure da na haihuwa na Najeriya, binciken da ke cin watanni kuma mai nema ke biyan kuɗinsa. Idan aurenku a masallaci aka ɗaura ba a karɓi takarda ba, ku je ku yi ta, 'yarku kuma a karɓo mata shaidar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Ka zauna ka jera fasfo da digiri da takardar aure a gabanka ka karanta sunayen harafi bayan harafi, domin Muhammad a wannan da Mohammed a waccan ya isa ya tsayar da magana. Idan sun iso akwai sauƙi: matar mai Blue Card ba a neman ta ci jarrabawar Jamusanci kafin ta zo, tana da izinin aiki, ana biyan kuɗin tallafin yara, wanda a 2025 ya kasance Yuro 255 a wata, kuma gidan renon yara a Berlin kyauta ne tun 2018, sai ɗan kuɗin abinci. Iyaye da 'yan'uwa kuma ka zaunar da su cikin ladabi ka gaya musu gaskiya, cewa aike mai kauri ba zai fara ba sai bayan wata 6.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ƙanena ya koyi gyaran kwamfuta da haɗa intanet. Wani mutum ya ce zai samo masa aiki a Jamus har da biza idan muka biya Naira miliyan 4, rabi yanzu, rabi bayan takarda ta fito. Mahaifiyarmu tana shirin sayar da gonarta. Mu biya? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

AMSA: Hajiya, don Allah ku dakatar da Mama, kada a taɓa gonar nan. Kamfanin gaskiya ba ya karɓar kuɗi a hannun wanda zai ɗauka aiki, kuma babu wani ɗan tsakani da ke da ikon fitar da biza, mai nema da kansa yake kai takardunsa. Ku ce mutumin ya ba ku cikakken sunan kamfanin, ku nemo shafinsa da kanku, domin doka ta wajabta wa kamfanonin Jamus su bayyana adireshinsu da lambar rajistarsu a shafinsu, sannan ku rubuta musu kai tsaye ku tambaya ko sun san da wannan ɗaukar aiki. Idan ƙanen naki yana da takardun sana'a da aka amince da su, akwai halastacciyar hanya da aka buɗe a watan Yuni na 2024, mai suna Chancenkarte, wadda ke ba mutum har shekara ɗaya ya nemi aiki a can, yana ɗan aikin sa'a 20 a mako. Ita ma sai ya nuna abin da zai ci da kansa, wanda a 2025 ya kama Yuro 1,091 a kowane wata, kuma wannan kuɗi a asusu mai sunansa ake ajiye shi, shi ne zai riƙa cira wata-wata bayan ya isa.